Kakuri: Daga Fijo 504 Zuwa Motocin Iskar Gas



Duk wanda ya tsallaka gadar Kogin Kaduna ya nufi Kakuri, ya shiga unguwar da ta koya wa Arewa aikin masana'anta. A nan aka buɗe masaƙar KTL a 1957, zamanin Sardauna, wasu masaƙu suka biyo baya. A 1975 kamfanin Fijo ya fara haɗa motar 504 a nan Kakuri.

Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne, waɗannan kamfanoni makarantu ne. Yaro zai shiga bai san sifana ba, ya fito ƙwararren bakanike, ko mai walda, ko mai wayarin. Da masaƙu suka durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007, injuna sun yi tsatsa, amma sana'ar hannu ba ta mutu ba. Ta bi masu ita zuwa garejojin Makera da Nasarawa da Barnawa, oga na koya wa yaransa.

Sai dai koyon gareji yana da iyaka: oga ba ya ba da abin da bai sani ba. Mun ga haka lokacin da motoci masu kwamfuta suka kori masu kafireta. Kanikawa da yawa da ake ji da su suka koma 'yan kallo.

Yanzu ga wani sauyin ya ƙwanƙwasa ƙofa. Bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnatin tarayya ta karkata ga iskar gas ta CNG. A 2025 gwamnatin Kaduna ta fito da manyan bas-bas 100 masu amfani da ita, ga kuma bututun AKK mai tsawon kilomita 614 da aka fara shimfiɗawa a 2020, daga Ajaokuta ya bi ta Kaduna zuwa Kano. Masu tireloli da tankoki ma sun fara sauya sheƙa saboda tsadar dizal.

Wannan aiki ba a yin sa da ka. Iskar a matse take cikin tukunyar ƙarfe, matsinta ya ninka na tayar ƙaramar mota kusan sau ɗari. A watan Oktoban 2024 wata mota ta yi bindiga a gidan gas a Benin saboda tukunyar da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba.

Cibiyar NITT ta Zariya tana horar da masu wannan aiki. Mu tura yaranmu, kuma ƙungiyoyin kanikawa su nemi a kawo horon har gareji, a ba su takardar shaida. In ba haka ba, motocin za su yi ta zirga-zirga a titunanmu, masu gyaran kuma a ɗauko su daga Legas. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Kanikawan da ke cikin wannan zaure, wa ya taɓa kwance injin gas? Muna jiran bayaninku a ƙasa.