Daga Takardar Manni Zuwa Tauraron Ɗan'adam: Tarihin Auna Ɓarnar Girgizar Ƙasa

Idan girgizar ƙasa ta lafa, tambayar da ke gaban wanda ya tsira ita ce: gidan nan zai kwanu kuwa? Ana bukatar amsar cikin gaggawa, domin ƙananan girgiza da ke biyo baya sukan ƙarasa ginin da ya riga ya raunana.

A shekarar 1989 aka fitar da wata ƙa'ida mai suna ATC-20 a jihar Kalifoniya ta Amurka, aka kuma yi aiki da ita bayan girgizar Loma Prieta a watan Oktoban shekarar. Injiniya kan duba gini, sannan ya manna takarda a ƙofa. Koriya na nufin a shiga, rawaya a taƙaita shiga, ja kuwa kada a kusanta. A 1997 hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ta fito da manhajar HAZUS, wadda ke ƙiyasta hasara daga ƙarfin girgiza da yanayin ƙasa da irin gine-ginen wurin.

Babban gwajin ya zo ne a Haiti, inda girgiza mai ƙarfin maki 7.0 ta rugurguza birnin Port-au-Prince ranar 12 ga Janairun 2010. Ɗaruruwan masana daga ƙasashe daban-daban suka raba hotunan sama na birnin a tsakaninsu ta intanet, kowa yana kwatanta hoton da da na yanzu, yana yi wa rusassun gidaje alama. Aikin watanni ya kammala cikin makonni.

Sai dai da aka bi unguwanni da ƙafa, an tarar hoton sama ya tsallake gidaje da yawa. Dalili kuwa, rufin kankare yakan zauna daram alhali ginshiƙan da ke ƙarƙashinsa sun karye. Ma'aikatar ayyuka ta Haiti kuwa ta tura injiniyoyi gida-gida, suka duba gine-gine kimanin 400,000, suna shafa musu fenti kore ko rawaya ko ja.

Bayan girgizar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun 2023, an yi amfani da manhajojin da aka horar su gane rusasshen gini da kansu a hoton tauraron ɗan'adam. Suna nuna wa masu ceto unguwar da za su fara nufa, amma izinin komawa gida yana nan a hannun injiniyan da ya shiga ya duba ginshiƙi da idonsa.