Diyyar Ma'aikaci da Hanyar Suleja

Kalmar diyya ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Tun kafin zuwan Turawa alƙalai ke hukunci da ita, kuma a mazhabar Malikiyya idan mutum ya yi kisan kuskure, danginsa ne ke haɗuwa su biya. Abin da ya zo da Turawa shi ne diyyar da ma'aikaci ke bin wanda ya ɗauke shi aiki in ya ji rauni a bakin aiki. Ingila ta yi tata dokar a 1897, Nijeriya kuwa sai a farkon shekarun 1940 ta sami irinta.

Garin da zai nuna mana nauyin wannan doka shi ne Suleja. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar kafa sabon babban birni, aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin kuma ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Magina, kafintoci da leburori suka cika garin, suna kwana a Suleja suna wuni a wurin gini.

Ana cikin wannan aiki gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fito da Doka ta 17 ta 1987. Ta tanadi albashin wata 42 ga iyalan wanda ya rasu, da na wata 54 ga wanda ya nakasa gaba ɗaya, a biya a dunƙule. A takarda abin ya yi kyau, amma dokar ta ɗora nauyin a kan kamfani, ga darajar naira tana zubewa tun 1986. Magini da ya faɗo daga bene sai ya tunkari ɗan kwangila da lauyoyinsa, shi kuwa ko kuɗin asibiti ba ya da shi.

Sai a Disamba 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan sabuwar doka. Kowane kamfani zai zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusu guda da hukumar NSITF ke kula da shi, daga nan ake biyan diyya. Wato dai an komo ga hikimar dangi, ko da masu dokar ba su nufi haka ba. Muhimmin abu ga Suleja shi ne haɗarin da ya sami mutum tsakanin gidansa da wurin aiki ya shiga lissafi. Wanda ya san yadda motoci ke tsere ta Madalla da Zuba da asuba ya san wannan sashe ba ƙarami ba ne.

Sai dai asusun ya fi sanin wanda sunansa ke cikin rajistar kamfani. Leburan da ake ɗauka da safe a bakin titi, a sallame shi da yamma da kuɗin yini, sau da yawa ba ya da ko takardar da za ta nuna wa ya yi wa aiki.