Raunin sabis a tsohuwar wayar salula

Raunin sabis yanayi ne da wayar salula ke kasa kama siginar turken sadarwa yadda ya kamata, har kira ya riƙa yankewa, murya ta riƙa kakkatsewa, ko sandunan da ke saman fuskar wayar su ɓace gaba ɗaya. An fi ganin matsalar a wayoyin da suka daɗe a hannu, sai dai sau da yawa laifin ba na wayar ba ne: yana iya zama na layi, na wurin da mutum yake, ko na kamfanin sadarwa. A masarautar Daura da ke Jihar Katsina akwai ƙarin dalili guda, wato kusanci da iyakar Jamhuriyar Nijar.

Kalmar sabis aro ce daga Turanci, kuma ana faɗinta tare da netwok ba tare da bambanci ba, kamar a ce sabis ya ɗauke ko babu netwok. Hausawan Nijar kuwa rezo suke cewa, daga Faransanci, kuma ana jin duka ukun a kasuwannin bakin iyaka.

Yadda waya ke kama sabis

Tsarin GSM ya fara aiki a Najeriya a shekarar 2001 da kamfanonin MTN da Econet, wanda daga baya ya zama Airtel. Glo ya shigo a 2003, Etisalat kuma a 2008. Tsarin 2G yana aiki a kan zangon mita 900 da 1800 na megahaz, 3G kuma a kan 2100. Ƙaramin zango ya fi nisan tafiya kuma ya fi ratsa bango, shi ya sa a ƙauye ƙaramar waya mai madannai kan yi kira lafiya a inda babbar waya ke fama da neman intanet. Iyakar nisan da turken GSM na yau da kullum ke iya riƙe waya kilomita 35 ne, amma a aikace sabis kan raunana tun kafin nan.

Sandunan fuskar waya ba ma'auni ba ne tsayayye, domin kowane kamfani da yadda yake lissafa nasa. Ma'aunin gaskiya shi ne dBm, wanda wayoyin Android ke nunawa a cikin saituna, a sashen bayanin layi. A tsarin 2G lamba kamar -70 sabis ne mai ƙarfi, idan ta kai -105 zuwa -110 kira na dab da yankewa.

Gano inda matsalar take

Hanya mafi sauƙi ita ce musaya. Ana cire layin a saka shi a wata waya mai lafiya, a kuma saka wani layi na kamfani ɗaya a cikin wayar da ake zargi, duk a tsaye a wuri guda. Idan raunin ya bi layin, to layin ne ya tsufa, ko aka rufe shi, kamar yadda ya faru da layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba bayan umarnin Disamba 2020. Idan ya tsaya a wayar, gyara ya kama. Idan kuwa dukkan wayoyin biyu sun raunana, matsalar ta wuri ce ko ta turke, kuma kuɗin da za a kai wa mai gyara asara ne kawai. Wannan gwaji ba ya cin minti biyar, amma shi ne aka fi tsallakewa.

Rufin kwano da katangar ƙasa mai kauri suna rage sigina sosai, don haka gwajin tsakar gida ya fi na cikin ɗaki. Turaku da yawa kuma da janareta suke aiki, idan mai ya ƙare sabis na yankin duka yakan ɗauke.

Matsalar bakin iyaka

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango. A garuruwa irin su Kongolam da Babban Mutum, siginar turakun Nijar tana tsallako iyaka. Wayar da aka bari tana zaɓen netwok da kanta, idan sabis na gida ya yi rauni, sai ta koma neman na ƙetare. Wani lokaci takan kama shi a caje mai ita kuɗin kiran ƙasar waje, wani lokaci kuma a ƙi karɓarta ta tsaya a kan kiran gaggawa kaɗai. Mai wayar yakan ɗauka ta lalace ne. Maganin yana cikin saituna: a mayar da zaɓen netwok na hannu, a zaɓi kamfanin layin, a kashe yawon ƙetare.

Laifuffukan wayar kanta

Batir da ya gaji yana cikin manyan dalilai. A zangon 900, waya tana iya aika sigina da ƙarfin da ya kai wat 2, kuma tana jan wuta da yawa a lokaci guda. Batir mai rauni ba ya iya biyan wannan buƙata, sai a ga sabis cike amma da zarar an danna kira ya zube, ko wayar ta mutu. Batir da ya kumbura canzawa ake yi.

Sai ƙura da gumi da danshi, waɗanda ke sa tsatsa a ƙarafunan ramin layi da na eriya. A wayoyi da yawa eriyar tana manne ne a jikin murfin baya ko a ƙasan wayar, wasu ƙananan ƙarafa masu lanƙwasa ne ke haɗa ta da allon ciki. Faɗuwa ɗaya tana iya gusar da su, haka ma murfin jabu da aka saya a madadin na asali. A wayoyin Android akwai siririyar wayar eriya da ke tsinkewa ko a manta ba a mayar da ita ba bayan canza gilashi. Duk waɗannan gyara ne mai arha: gogewa da sinadarin wanke allo, ɗaga ƙarfen da ya kwanta, ko sauya wayar eriya.

A tsofaffin wayoyi masu layi biyu, rami ɗaya ne kawai ke ɗaukar 3G ko 4G, ɗayan 2G ne. Sauya wa layin rami yakan isa. Idan lambar IMEI, wadda ake gani da danna *#06#, ta goge bayan an yi wa waya filashin, turke ba zai karɓe ta ba.

Gyara mafi wuya shi ne na ƙananan sassan da ke ƙara ƙarfin sigina a jikin allo, waɗanda masu gyara ke kira IC na netwok. Yana buƙatar na'urar hura zafi da hannu mai ƙwarewa, kuma kayan galibi daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ake kawo su. A ƙaramar waya, kuɗin wannan aiki yakan kusa kai kuɗin sabuwa.

Ƙorafi

Idan gwaji ya nuna laifin na kamfani ne, ana kiran sashen kula da abokan hulɗa a lamba 300. Idan ba a samu biyan buƙata ba, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, tana karɓar ƙorafi kyauta a lamba 622. Hukumar ta kuma yi gargaɗi kan na'urorin ƙara sabis da ake kafawa a gidaje ba tare da izini ba, domin suna gurɓata siginar maƙwabta.