Mafarkin sane: dabarun da ake koya, da abin da bincike ya tabbatar a kansu

Akan samu mutum yana tsakiyar mafarki, wataƙila ana binsa da gudu, ko yana hira da wani da ya daɗe da rasuwa, sai kwatsam ya gane cewa mafarki yake yi. Bai farka ba, barcinsa bai katse ba, amma hankalinsa ya dawo gare shi. Wannan yanayi ne ake iya kira “mafarkin sane”, wato mafarkin da mai yinsa yake sane da cewa mafarki ne. Wasu kan zuba ido kawai su ci gaba da kallo, wasu kuwa kan juya akalar mafarkin, su sauya wuri, su tashi sama, ko su juyo su fuskanci abin da ke binsu.

Tun bayan fitowar fim ɗin Inception a 2010, batun ya samu shiga wurin matasa, kuma a YouTube da TikTok akwai masu alkawarin koyar da shi cikin dare ɗaya, wasunsu har da kayan sayarwa. Bincike ya tabbatar da cewa ana iya koyonsa. Sai dai dabarun da suka fi ƙarfin hujja ba sa buƙatar ko sisi, ba sa aiki kowane dare, kuma da barci ake biyan kuɗinsu.

Yadda aka tabbatar da shi

Labarin irin wannan mafarki tsoho ne. Aristotil ya ambace shi a rubutunsa kan mafarki, kuma mabiya addinin Buddha a Tibet sun shafe ƙarnoni suna horar da kansu a kansa. A 1867 Bafaranshe Hervey de Saint-Denys ya wallafa littafi kan hanyoyin sarrafa mafarki, sannan a 1913 likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, ya raɗa masa sunan da masana ke amfani da shi har yau.

Duk da haka, masana da yawa sun daɗe suna ɗaukarsa a matsayin ’yar gajeruwar farkawa da mai barci ya yi wa mummunar fahimta. Mabuɗin warware gardamar ya samo asali ne daga Jami’ar Chicago, inda a 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka gano wani mataki na barci da idanu ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsu. A wannan mataki, wanda ake taƙaita sunansa da REM, aka fi yin mafarkai masu tsawo, kuma a cikinsa ƙwaƙwalwa kan kulle tsokokin jiki, ban da na ido da na numfashi.

Tunda ido na motsi, ashe mai mafarki zai iya aiko da saƙo. A ranar 12 ga Afrilu, 1975, a Jami’ar Hull da ke Ingila, Keith Hearne ya naɗi motsin idon wani mai suna Alan Worsley, wanda suka yi yarjejeniya da shi tun kafin ya kwanta cewa da zarar ya gane yana mafarki zai kalli hagu da dama a jere. Na’ura ta nuna alamar, ta kuma nuna cewa barci yake yi. Stephen LaBerge na Jami’ar Stanford a Amurka ya yi irin wannan gwaji da kansa, ya wallafa sakamakon a 1981.

A 2021 aka ƙara gaba. Ɗakunan gwaji huɗu a Amurka, Faransa, Jamus da Holan sun yi wa mutum 36 tambayoyi suna cikin barci, ciki har da ƙaramin lissafi irin takwas a ɗebe shida. A kusan kashi 18 cikin 100 na gwaje-gwajen an samu amsa daidai ta hanyar motsin ido ko na fuska.

Wani nazari na 2016 da ya tattara binciken shekara 50 ya ƙiyasta cewa kashi 55 cikin 100 na mutane sun taɓa yin mafarkin sane ko da sau ɗaya, kuma kashi 23 cikin 100 na yinsa aƙalla sau ɗaya a wata.

Dalilin da ya sa goshin asuba ke da muhimmanci

Barcin dare yana tafiya ne zagaye-zagaye, kowanne kimanin minti 90. A farkon dare barci mai nauyi ne ke da rinjaye, matakin REM na farko bai fi kamar minti goma ba. Yayin da gari ke shirin wayewa sai ya riƙa tsawo, har na ƙarshe ya haura rabin sa’a. Saboda haka mafi yawan dabarun da suka yi tasiri a gwaji sun dogara ne da sa’o’in ƙarshe na barci. Wanda ke kwanciya ƙarfe ɗaya na dare ya tashi ƙarfe biyar ya riga ya yanke wa kansa babban kason lokacin da ake nema.

Dabarun da ake koya

Ta farko ita ce rubuta mafarki. Ana ajiye littafi da biro kusa da shimfiɗa, a rubuta duk abin da aka tuna da zarar an buɗe ido, kafin a taɓa waya. Amfanin biyu ne: yana ƙarfafa tuna mafarki, sannan yana fito da abubuwan da ke yawan maimaituwa, kamar ganin kai a ajin firamaren da aka bari tuntuni, ko kakar da ta rasu, ko wayar da lambobinta ke rikiɗewa. LaBerge ya ɗauki irin waɗannan a matsayin alamomin da za su iya ankarar da mai mafarki.

Ta biyu ita ce gwajin zahiri, wadda masanin halayyar ɗan Adam ɗan Jamus, Paul Tholey, ya assasa. Sau da yawa a yini mutum zai tsaya ya tambayi kansa da gaske ko mafarki yake yi, sannan ya gwada: ya toshe hanci ya rufe baki ya yi ƙoƙarin shaƙar iska, ko ya karanta rubutu, ya kau da kai, ya sake karantawa. A mafarki numfashi kan wuce duk da toshewar, rubutu kuma kan sauya. Fatan shi ne ɗabi’ar ta bi mutum har cikin barci.

Ta uku ita ce a farka a koma. Ana tashi bayan barcin sa’a biyar ko shida, a zauna a farke daga ’yan mintuna zuwa sa’a guda, sannan a sake kwanciya, ta yadda za a faɗa matakin REM hankali bai gama dushewa ba. Tsarin ya yi kama da abin da mutane da yawa ke yi a ƙasar Hausa ba da wata manufa ba: tashi sallar asuba, sannan a ɗan koma barci.

Ta huɗu ita ce ƙudurta niyya, wadda LaBerge ya tsara, aka fi saninta da MILD. Ta ginu ne kan irin tunin da ke sa mutum ya tuna zai tsaya sayen magani idan ya iso bakin kasuwa. Bayan farkawa daga mafarki, sai mutum ya dawo da shi a zuciya, ya riƙa nanata wa kansa cewa in ya sake yin mafarki zai tuna mafarki yake yi, yana hasko kansa a cikin mafarkin yana gane alamar, har barci ya ɗauke shi.

Ta biyar, wadda ake kira SSILD, ita ma bayan farkawar ake yinta. Ido a rufe, mutum zai riƙa kewaya hankalinsa tsakanin abin da yake gani a duhun, abin da kunnensa ke ji, da abin da jikinsa ke ji, sau da dama, sannan ya saki jiki ya yi barci.

Abin da alƙaluma suka nuna

A 2017 Denholm Aspy na Jami’ar Adelaide a Ostireliya ya gwada dabarun a kan mutum 169. Waɗanda suka haɗa gwajin zahiri da farkawa da ƙudurta niyya sun yi nasara a kusan kashi 17 cikin 100 na dararen mako guda. Idan mutum ya samu barci cikin minti biyar da gama ƙudurta niyya, nasarar takan kai kusan kashi 46. Gwajin zahiri shi kaɗai bai kawo wani sauyi na a-zo-a-gani ba a cikin makon. A bincikensa na 2020 da mutum 355 daga ƙasashe daban-daban, MILD da SSILD sun yi kunnen doki, kuma masu yawan tuna mafarkinsu sun fi dacewa.

Akwai abin lura a nan. Mahalartan da kansu suka ba da rahoton abin da ya faru a gidajensu, kuma mutane ne da suka kawo kansu don suna sha’awar batun. Tun a 2012 wani bita da Tadas Stumbrys ya jagoranta, wanda ya duba bincike 35, ya kammala da cewa babu wata dabara da aka tabbatar tana kawo mafarkin sane duk lokacin da aka so.

Ƙwayoyi da na’urori

A 2018 LaBerge da abokan aikinsa sun gwada galantamine, maganin da ake bai wa masu cutar mantuwa ta Alzheimer, a kan mutum 121. Kashi 14 cikin 100 sun yi mafarkin sane a daren da aka ba su ƙwayar da ba magani a cikinta, kashi 27 da miligiram 4, kashi 42 da miligiram 8. Dukkansu sun haɗa da farkawa da ƙudurta niyya. Maganin na iya jawo tashin zuciya, ɓacin ciki da rashin barci, yana kuma iya rage bugun zuciya. A inda sayen magani a kemis ba tare da takardar likita ba ya zama ruwan dare, wannan ba abin gwadawa ba ne don neman mafarki.

Na’urorin rufe ido masu walƙiya da haske a lokacin REM, irin NovaDreamer ta shekarun 1990, sun daɗe a kasuwa. A 2014 wani bincike a Jamus ya ba da rahoton cewa aika raunanniyar wutar lantarki ta goshi na ƙara sanin kai a mafarki, amma masu bincike a Kanada da suka gwada hanyar suka wallafa a 2020 ba su ga ta fi ta bogi tasiri ba.

Amfani da haɗari

Amfanin da likitoci suka fi mai da hankali a kai shi ne rage munanan mafarkai masu maimaituwa. A 2018 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta sanya mafarkin sane cikin hanyoyin da za a iya amfani da su, amma wadda ta ba da shawarar bi kai tsaye wata ce daban: mutum ya sake tsara labarin mummunan mafarkin yana farke, ya riƙa bitarsa a zuciya. Ga waɗanda suka tsira daga rikici ko garkuwa suke fama da mafarkin abin da ya same su, wurin farawa shi ne asibiti, kamar asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware.

Babban haɗarin shi ne asarar barci. Masana sun ba da shawarar baligi ya samu aƙalla sa’a bakwai a dare, kuma katse barci a kai a kai na iya rage natsuwa da rana, abin da ya fi shafar direbobi, ɗalibai da masu aikin dare. Masu ƙoƙarin shiga mafarki kai tsaye daga farke kan haɗu da dannau, wato hankali ya farka alhali kullin tsokoki na REM bai saki ba. Yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko ’yan mintuna, amma yana da firgitarwa. Masu larurar da ke sa rarrabe zahiri da abin da ba zahiri ba ya yi wuya bai dace su shiga wannan horo ba sai da shawarar likita.

Ya kamata kuma a raba wannan fanni da fassarar mafarki, wadda Hausawa suka gada ta littattafai irin wanda ake jingina wa Ibn Sirin. Binciken mafarkin sane bai ce komai kan ma’anar mafarki ba, kuma ba ya da’awar hango gobe. Abin da yake aunawa shi ne ko mai barci ya san yana mafarki. Duk mai tallar kwas ko na’ura da alkawarin buɗe gaibu, ba daga wannan bincike ya samo maganarsa ba.

Ga mai son gwadawa, tsarin da ya fi dacewa da hujjojin da ake da su mai sauƙi ne: ya fara da cika sa’o’in barcinsa, ya rubuta mafarkinsa na makonni har tunawa ta zauna, sannan ya haɗa farkawa da ƙudurta niyya a daren da ba shi da aiki washegari. Idan ya ga yana kasa komawa barci, ko yana wuni da gyangyaɗi, sai ya dakata.