Shaihu Umar Daga Littafi Zuwa Daɓe: Aikin Umaru Ladan

A shekarar 2016 aka buɗe wasu tsofaffin gwangwanayen faifan majigi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, sai aka ci karo da abin da aka daɗe da fid da rai da shi: fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wanda ya fito a matsayin Shaihun shi ne Umaru Ladan. An yi ta yabon fim ɗin, kuma ya cancanci yabo, amma kusan ba a tuna cewa kafin labarin ya kai ga kyamara sai da ya bi ta kan daɓe, kuma da hannun shi wannan Umaru Ladan ɗin aka hau da shi can.

Kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Akwai tashe a watan azumi, akwai wasan gauta inda matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa a gaban idonsu, ga 'yan kama masu ɗaura rawani su ɗauki muryar malamai suna wa'azin tuwo da miya. Abin da ya zo da boko shi ne dandamali, da rubutaccen wasa da za a haddace. Rupert East ya fitar da wasanni shida na Hausa a 1930. Malam Aminu Kano ya fara rubuta nasa tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, da ya zama malami a Midil ta Bauci kuma ya ci gaba da sa yara wasannin da ke yi wa mahukunta hannunka-mai-sanda. A makarantar nan ya yi aiki tare da Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar. Daga baya aka samu Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada.

Duk wanda ya yi makarantar kwana a Arewa a wancan zamani ya san yadda ake yi. A haɗa teburan ɗakin cin abinci su zama dandamali, a rataya zanen gado ya zama labule, a manna wa yaro gemun auduga ya zama alƙali, wani kuma a ɗaura masa zane da kallabi ya zama amarya, yana fitowa ɗaki ya kaure da ihu. Babu lasifika. In muryarka ba ta kai bencin baya ba, 'yan baya za su gaya maka nan take, ba tare da sakaya ba. A irin wannan makaranta 'yan wasan farko suka koyi sana'a, kuma darasinta na farko shi ne ban dariya, don ita ce ke riƙe jama'a.

To a nan Shaihu Umar ya zama ƙarfen ƙafa, don babu abin dariya a cikinsa. Ɓalewa ya rubuta shi ne domin gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Labari ne na wani babban malami a garin Rauta wanda almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya zauna ya warware musu: yadda aka haife shi a Kagara, yadda makirci ya kori mijin uwarsa Makau daga fada, yadda aka sace shi yana yaro har ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetara hamada da shi ya rene shi kamar ɗan cikinsa. Uwarsa ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita, suka haɗu a Tarabulus, ba ta daɗe ba ta cika.

A takarda wannan yana tafiya sumul. A kan daɓe fa? Ina za ka sa hamada, ina za ka sa ayarin raƙuma da guguwar rairayi? Sannan jigon wasan mutum ne da ke zaune bisa buzu, ba ya tsalle, ba ya ɗaga murya, kamun kai shi ne adonsa. A ganina babu rawar da ta fi wannan wuya ga ɗan wasan Hausa, don duk makaman da ya saba da su an karɓe. Abin da ya rage masa shi ne murya, da sanin inda zai yi shiru.

Umaru Ladan ya yi aikin mayar da littafin wasa tare da Dexter Lyndersay, mutumin Tirinidad, gwanin hasken dandamali, wanda ya koyar a Ibadan kafin ya hau Arewa. Kamfanin Longman ya buga wasan a 1975. Lokacin kuwa daɓe na tashe a Zariya: a tsakiyar shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da wasan kwaikwayo a ƙarƙashin Michael Etherton, aka gina gidan wasa na laka mai siffar gidan Bahaushe, ɗakuna kewaye da tsakar gida a buɗe. Shekara guda bayan fitowar littafin wasan aka ɗauki fim, aka nuna shi a bikin FESTAC na Legas a farkon 1977.

Wannan shekarar tana da wani ɗaci ga Hausawan Togo. A cikinta ne hukuma ta rushe tsohon Zangon Lome da ke tsakiyar birni, aka kwashe mutanensa zuwa wani fili mai nisan kimanin kilomita 15 arewa da gari. Jikokin fatake ne, waɗanda kakanninsu suka bi hanyar goro da shanu har bakin teku.  Na sha tunanin cewa da an kai Shaihu Umar Zango a shekarar nan, da ba a buƙaci yi wa kowa bayanin mutumin da aka raba da mahaifarsa ya je ya yi suna a wata ƙasa ba.

Daɓen Hausa bai yi tsawon rai ba, kuma ba rashin gwanaye ya jawo ba. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, yana biyan albashi, yana kuma kai murya har ƙauyen da ba a taɓa kafa labule ba. Can gwanayen suka nufa. Usman Baba Pategi ya zama Samanja, Umaru Ɗanjuma Katsina, marubucin Kulɓa Na Ɓarna, ya zama Kasagi, Ƙasimu Yero na Zariya ya zama Karambana a wurin Hausawa, Gaga kuma a wurin masu kallon Cock Crow at Dawn. Manyan wasannin da aka tanada, har da Daren Sha Biyu da Ibrahim Yaro Yahaya ya ɗauko daga Shakespeare, suka koma littattafan jarrabawa, ana karanta su a aji ba a hawa da su. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a 1990, sai sauran ƙungiyoyin daɓe suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023. Muryoyinsu na nan a kaset da intanet, yara ma na tura wa juna a waya. Na Umaru Ladan kuwa, abin da ke hannu shi ne littafin 1975, da fim mai tsawon sa'a biyu da 'yan kai, wanda ya shafe shekaru kusan arba'in a cikin gwangwani kafin a sake kunna shi.