Aikatau Mai Maho: Yadda Sifaniyawa Suka Ɗinke Kalmar "Tafi"

Duk wanda ya zauna koyon Sifaniyanci, tun a makon farko zai ci karo da aikatau ir, wato "tafi" ko "je". Haruffa biyu ne kacal, amma shi ke fara karya wa ɗalibi gwiwa. An riga an koya masa hablar, "yi magana", ya ga saiwa ɗaya ce, wutsiya kaɗai ke sauyawa: hablo, hablas, habla, na jiya kuma hablé. Da ya iso kan ir sai lissafi ya dagule. "Ina tafiya" voy ne, "na tafi" fui ne, "nakan tafi a da" iba ne, "zan tafi" kuma iré. Littattafan koyarwa sukan lakaba masa "mai saɓa ƙa'ida", su ce a haddace a wuce gaba. Haddar kam dole ce, amma lakabin yana rufe abin da ya fi muhimmanci, domin ruwa ba ya tsami banza. Ir aikatau uku ne na Latin aka ɗinke wuri ɗaya, kuma kowane maho an yi shi ne daidai inda tsohuwar rigar ta ƙoƙe har ta daina rufe jiki. Abin da ɗalibi ke gani kamar hargitsi, gyara ne da masu harshe suka yi da bakinsu.

Rumawa sun sauka a Emporion, gaɓar arewa maso gabashin Sifaniya, a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin yaƙinsu da Kartaj, ba su kuma gama cinye ƙasar ba sai shekara ta 19 a zamanin Agustus. Latin ɗin da ya kafu a can na sojoji ne da 'yan kasuwa da manoma. Aikatau ɗinsu na tafiya shi ne ire, ga kuma yadda ake sarrafa shi: eo, is, it, imus, itis, eunt. Umarni ga mutum ɗaya, "tafi!", wasali ɗaya ne tak: i. A rubuce babu matsala. A tsakiyar kasuwa kuwa, inda ake magana da sauri, ga bambancin dogon wasali da gajere yana gushewa, ga baƙaƙen ƙarshen kalma suna zubewa, waɗannan 'yan guntayen kalmomi sun zama kamar tari. Sai mutane suka miƙa hannu ga vadere, aikatau mai nauyi da ke nufin takawa da ƙarfi ko kutsawa gaba. Shaidar tana cikin fassarar Baibul ta Latin da Jerom ya kammala wajen shekara ta 405. Masana sun daɗe da lura cewa ba a samun umarnin i a cikinta, vade ake gani sau da yawan gaske, alhali jam'insa, ite, mai gaɓa biyu, yana nan daram. An zubar da wanda ya yi gajarta, an riƙe wanda ke cika baki. Daga vado, vadis, vadit, vadunt ne aka sami voy, vas, va, van na yau, vade kuma ya zama ve.

Maho na biyu ya fi ban mamaki. Shuɗaɗɗen lokacin ire a Latin, ii, isti, iit, shi ma ya rame, sai aka aro na esse, aikatau na kasancewa: fui. Hikimar aron a fili take, don wanda ya kasance a wuri ya dawo, ai ya je. Wata mata mai ziyarar ibada mai suna Egeriya, wadda masana da yawa ke ganin 'yar arewa maso yammacin Sifaniya ce, ta zaga Ƙudus da Dutsen Sina'i tsakanin 381 da 384, ta rubuta wa 'yan'uwanta mata labarin tafiyarta da Latin irin na baka. An gano rubutun a Arezzo ta Italiya a 1884. A ciki takan haɗa fui da harafin da ke nuna wurin da aka nufa, ma'ana "na je". Abin da ya fito daga alƙalaminta shi ne ƙa'ida a yau: fui, fuiste, fue, fuimos, fuisteis, fueron, kuma ir da ser, "zama", tarayya suke yi a kansu harafi da harafi.

Mai ƙin wannan bayani yana da hujja mai kyau. Zai ce in gajarta ce dalili, me ya kashe imus da itis, masu gaɓa biyu? Amsar ita ce ba su mutu da wuri ba. Sifaniyancin tsakiyar zamani yana cewa imos da ides, kuma har yau harshen Galisiya, maƙwabcinsa na jini, yana riƙe da su. Wannan ma ƙarin shaida ne, domin siffofin da ke da nauyi sun yi ƙarnuka suna aiki bayan gajerun sun ɓace. Abin da ya ture su daga baya wani ƙarfi ne dabam: siffofi huɗu cikin shida sun riga sun fara da v, sai suka ja ragowar biyun, ga kuma vamos, "mu tafi!", kalmar da ba ta barin bakin mutane. Ita ce ake ji a filayen ƙwallon Madrid da Barcelona, ita ce Rafael Nadal ya riƙa kururuwa da ita a filin tanis. Ko voy kansa sabon shiga ne. Da vo ake cewa, kamar yadda ake cewa so da do kafin soy da doy su mamaye a ƙarni na 16. Yahudawan da aka kora daga Sifaniya a 1492, suka zauna a Salonika da Istanbul, sun tafi da vo a bakinsu, zuri'arsu kuma ta ci gaba da faɗinsa haka.

Hujjar da ta fi ƙarfi a Ajantina da Yurugwai take. A can vos ake cewa maimakon tú, "kai", kuma umarninsa ana samunsa ne ta cire r ɗin ƙarshe: hablar ya zama hablá, comer ya zama comé. In aka bi wannan ƙa'ida, umarnin ir zai zama i, wato wasalin nan guda da Rumawa suka yar. Mutanen Buenos Aires sun guje masa, suka aro daga andar, "taka", suna cewa andá da andate. Matsala ɗaya ta sake tasowa bayan shekara fiye da dubu, a wata nahiya, aka kuma yi mata magani iri ɗaya ba tare da kowa ya yi shawara da wani ba. Abin da ya maimaitu haka ba a kiransa haɗari.

Wani zai ce aron ya haifar da ruɗani, tunda fue na nufin "ya tafi" kuma na nufin "ya kasance". A aikace ba mai ruɗewa. Fue a Sevilla, ya je birnin Sevilla. Fue médico, ya kasance likita. Ƙaramin a ɗin nan ya raba gardama. Wani kuma zai ce me ya hana masu nahawu su daidaita shi? Antonio de Nebrija ya buga nahawun harshen a Salamanka a 1492, an kafa hukumar kula da harshen, Real Academia Española, a 1713, ta fitar da nata nahawun a 1771, babu wanda ya iya taɓa ir. Aikatau ɗin da ba a cika amfani da su ba su ke miƙa wuya ga ƙa'ida, don mai magana ya manta siffarsu sai ya ƙera ta da ƙiyasi. Wanda yaro ke ji sau ɗari kafin azahar ba ya mantuwa. Hukumar ma bin sawun jama'a take yi: ta daɗe tana cewa idos ne daidai ga "ku tafi abinku", mutanen Sifaniya suna ta cewa iros, a 2017 ta amince da iros.

Yawan amfanin nan ya ƙaru ne saboda ir ya sami aiki na biyu. Voy a comer, a zahiri "ina tafiya ga ci", yanzu "zan ci" kawai yake nufi, kuma a maganar yau da kullum ta Latin Amurka ya rinjayi comeré. Bahaushe bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba. Za ɗin da ke cikin "za ni kasuwa" shi ne masana nahawun Hausa ke dangantawa da za na "za mu ci", kuma mu ma muna cewa "je ka" da "ya ka", wakilin suna a bayan aikatau, abin da ba ma yi wa "zauna" ko "tashi". Malamin da ke koyar da ir ya raba wa ɗalibansa shi gida uku: na i daga ire, na v daga vadere, na fu daga esse. Siffofin da suka zama kamar tarkace za su koma tsibi uku, kowanne da asalinsa.