Keken da Ba Ya Barin Ƙafa Ta Huta

Keken Raleigh ko Phoenix da muka saba gani giya ɗaya gare shi, amma in mai shi ya zo gangara sai ya tsayar da ƙafa, taya ta yi ta gudu ita kaɗai. Akwai wani irin keke, mai kafaffiyar giya, da ba ya yarda da haka. Ƙaramin haƙorin da sarƙa ke ja a ɗaure yake tamau da tayar baya, saboda haka muddin taya na juyawa feda ma na juyawa, ko mahayi ya so ko ya ƙi. Masu ganinsa yau a titunan Landan da New York sun ɗauka yayi ne na samarin birni, abin ƙawa da ba zai kai mutum nesa ba. Tarihi bai goyi bayansu ba. A kan irin wannan keke aka fara doguwar tafiya, kuma duwatsu ne kaɗai suka iya korarsa daga hanya.

Lokacin da John Kemp Starley ya fito da kekensa mai suna Rover a garin Coventry a 1885, wanda shi ne kakan kekunan yau, haka aka ƙera shi, feda da taya tafiyarsu ɗaya. Shekara shida bayan haka wata jaridar Faransa ta shirya tsere daga Paris zuwa Brest da dawowa, kimanin kilomita 1,200 a kan hanyoyin da ba su san kwalta ba. Charles Terront ya gama cikin awa 71 da 'yan mintuna, kusan ba barci. A 1903 aka soma tseren zagaya Faransa, kilomita 2,428 a zango shida, zangon farko kaɗai daga Paris zuwa Lyon kilomita 467. Maurice Garin da ya lashe shi da kafaffiyar giya ya yi.

Mai musu zai ce ai rashin zaɓi ne ya sa su, daga baya kuma doka ta tilasta. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Henri Desgrange, uban tseren zagaya Faransa, mutumin filin tsere ne, shi ya kafa tarihin gudun awa guda a 1893 da kilomita 35.325, kuma a ganinsa sauya giya raki ne. Paul de Vivie na Saint-Étienne ya yi shekaru yana ja da wannan ra'ayi a mujallarsa, yana hawa duwatsu da giya iri-iri don ya nuna amfaninsu, amma sai a 1937 aka bar manyan 'yan tseren su yi amfani da na'urar sauya giya. Kafin nan dabara suka yi: haƙori ɗaya a kowane gefe na tayar baya, in an iso gindin dutse a sauka, a kwance taya, a juya ta. Ana ba da labarin cewa a 1927 sanyi ya daskarar da yatsun ɗan tsere Tullio Campagnolo a wani dutse na Italiya har ya kasa kwance noti, abin da ya kai shi ga ƙirƙiro maƙullin taya mai saurin buɗewa. Duk wanda ya karanta wannan ya san taurin kan Desgrange ya wahalar da mutane a banza. A kan tsauni, masu giya da yawa ne ke da gaskiya.

Sai dai Ingila ta rushe sauran hujjar, don can ba wanda ya tilasta wa kowa kafaffiyar giya. Tun wajen 1890 ƙungiyar masu keke ta ƙasar ta hana tseren taro a kan titi don gudun fushin 'yan sanda, sai mahaya suka koma fita da asuba, ɗaya bayan ɗaya, sanye da baƙaƙen kaya, kowa na tsere da agogo. Yawancinsu ma'aikata ne masu keke ɗaya tak: shi za a hau zuwa masana'anta duk mako, shi za a yi tsere da shi ran Lahadi. Ga irin wannan mutum lissafin a fili yake. Sarƙa a miƙe take, ba ta ɓata ƙarfi. Ba waya ko ƙananan ƙarafa da taɓo da ruwan hunturu za su ci, kuma in abu ya lalace da sifana ɗaya ake gyara shi a bakin hanya. A 1956, kusan shekara ashirin bayan Faransa ta buɗe ƙofa ga sauya giya, Ray Booty na Nottingham ya zama mutum na farko da ya yi mil 100 a ƙasa da awa huɗu a irin wannan tsere, cikin awa 3 da minti 58 da daƙiƙa 28, a kan Raleigh mai kafaffiyar giya. Ga shi a jajibirin ranar ma da keken ya taka daga gida zuwa wurin.

Saura batun haɗari, kuma shi ne ƙorafin da ya fi nauyi. Gangara mai tsawo azaba ce ga gwiwa, wanda kuwa ya manta ya tsayar da ƙafa, feda na iya cilla shi sama. Amma abin da ke tsorata jama'a a birane, wato keke ba birki ko ɗaya, daga wani gida ya fito. Al'adar filin tsere ce, inda kowa ke gudu ta fuska ɗaya ba mota ba mai tafiya a ƙasa, irin tseren keirin da Japan ta fara a 1948. Masu kai saƙo a New York ne suka fito da ita titi a shekarun 1980, saboda keke maras tarkace ba ya cin kuɗin gyara. Tsofaffin mahayan Ingila da birkinsu suke tafiya, kuma har yau dokar ƙasar tana lissafa kafaffiyar taya a matsayin birkin baya, tana wajabta na gaba. Batun nisa kuwa, tseren Brest ya zama tafiyar gama-gari da ake yi duk shekara huɗu, da wa'adin awa 90, kuma a kowane karo akan sami 'yan ƙalilan da ke zuwa da kafaffiyar giya su gama cikin lokaci.